Kebul Ɗin da Ya Sauko Daga Silin

Tunda ka ce bin kebul ɓata lokaci ne, gyara zama ka ji yadda wani mai haɗa intanet ya ƙare. Gwani ne, ba mai raba shi da wannan, sai dai gwanintar ta hau masa kai. Ƙa'idar sana'ar ita ce, kafin ka cusa kebul a jikin siwic, akwatin nan mai jerin ramuka da ke raba intanet ɗaki ɗaki, sai ka bi shi ka ga inda ɗaya bakin ya tsaya. Shi kuwa cewa yake bin kebul aikin ɓera ne. Ga shi da son a sani: duk rawutar da ya saita, wato na'urar nan mai watsa intanet ta iska, sunansa yake raɗa mata har da lambar wayarsa, wai don maƙwabta su san hannun da ya yi aikin.

Wata Hajiya ta sayi tsohon gidan wani kamfani da ya daɗe a garƙame, za ta mai da shi ofis, ta kira shi. Da rana tsaka ya kafe siwic a bango, ya jona rawuta, ya saita ta yadda duk wanda ya ƙwanƙwasa za ta ba shi wuri ba tambaya, kamar gidan biki. Ya gama, sai rami ɗaya ya rage. Yana ɗaga kai ya ga wani tsohon kebul ya sauko daga silin yana lilo, alhali tagogi a rufe, fanka a kashe. Hajiya ta ce, "Injiniya, bar wannan, a nan muka tarar da shi. Magina sun ja har sun gaji bai ƙare ba, ɗayansu ma ya ce ya ji kamar ana ja daga can." Ya yi murmushin masana ya ce, "Haba Hajiya, rami a buɗe a aikina ai giɓi ne a bakin ango." Ya cusa. 'Yar fitilar ramin ta kawo kore, tana ƙiftawa a hankali kamar numfashin mai barci, can sai ta soma sauri kamar an farka. A fuskar kwamfutarsa ya ga baƙo ya shigo, ba suna. Yana kallo sunan ya fara fitowa harafi bayan harafi, sai ga nasa. Ya yi wata busasshiyar dariya ya zare kebul ɗin, fitila ba ta mutu ba. Ya kashe soket, duk fitilu suka ɗauke, ban da ita. Kebul ɗin kuwa ya ja jikinsa ya koma cikin silin sannu a hankali, kamar wutsiyar ƙadangare.

To, ofishin Hajiya har yau lafiya lau yake aiki, ko ciwon kai ba wanda ya yi. Gwanin namu ne ya tafi da baƙonsa. Duk inda ya je aiki, ramin ƙarshe sai ya kawo kore ba komai a cikinsa, intanet ɗin ya riƙa tsiyayewa kamar wani na zuƙa ta ƙasa. Masu kiransa suka ja baya ɗaya bayan ɗaya. Wayarsa kan yi ƙara, ya duba ya ga lambarsa ce ke kiransa, in ya ɗauka ba ya jin komai sai numfashi. Da abin ya ishe shi ya jefa wayar a rijiya, ya raba kayan aikinsa, ya koma sayar da rake a bakin tasha. An ce in ka tsaya gaban teburinsa ka duba wayarka, za ka ga sunansa ya fito cikin intanet ɗin da ke kusa, da cikakken ƙarfi, a buɗe, ba a neman kalmar sirri. Duk son banzar mutanen tasha, ba a sami wanda ya taɓa dannawa ba.

Dama Hausawa sun ce, tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.