Tsumman da ke Tsorata Masu Sayayya

Matar na cire hularta a ƙuryar rumfar, mai sayar da gyale ta gane ta. Tsohuwar manajarta ce a wani katafaren kanti na Manila, wadda ta taɓa nuna hijabinta a gaban ma'aikata ta ce, "Ko ki cire tsumman nan, ko ki ajiye aiki. Yana tsorata masu sayayya."

Aikin mai gyalen ta ajiye. Shekaru ta yi tana shan rana a kasuwar Quiapo, maganar na ci mata rai.

Yau ga kan Madam manaja ko silin gashi babu, maganin ciwon daji ya kwashe shi tas.

"Ƙanwata," in ji Madam, ba ta ko gane ta ba, "an ce ku kuka iya ɗauri. Gobe zan koma aiki."

Mai gyalen ta zaɓo mai laushi, ta naɗa mata a tsanake, ta miƙa mata madubi. Madam ta yi murmushi har da ƙwalla.

Sannan mai gyalen ta sunkuya daidai kunnen Madam.

"Ya yi miki kyau, Madam. Amma ki cire shi a bakin ƙofa. Yana tsorata masu sayayya."