Dangin da Lwandile Ya Gano

Zimkhitha ta sami Lwandile a kan dutsen bakin tekun Mbotyi, inda yake zama yana hango wa masu kwale-kwale manyan kifayen nan masu feso ruwa sama. Tsuntsaye na ta faɗawa cikin teku kamar ana jifa, amma yau ko kallonsu ba ya yi.

Lwandile bai taɓa sanin mahaifinsa ba, baffanninta kuwa sun ce ba za su karɓi shanun aurenta daga hannunsa ba sai ya nemo sunan danginsa, domin 'yan dangi ɗaya ba sa auren juna.

"Mai gadin kifi, ka dawo ba ko sallama?" ta ce. "Ka same shi?"

"Na same shi."

"Wane dangi ne?"

Can cikin ruwa wata ƙatuwar kifanya ta taso da ɗanta a gefe, ta yi huci. Ya bi ta da ido har ta nutse.

"Tolo," ya ce a hankali.

Ta zauna a kan dutsen. Danginta ke nan, waɗanda take yi wa kirari duk ranar da ake yi wa kakanni yanka.

Ya kama hannunta. "Tsohon da ya gaya mini ba zai faɗa wa kowa ba, Zimi. Daga ni sai ke."

Ta daɗe tana kallon yatsunsa, sannan ta zare nata.

"To ranar ɗaurin aure, idan aka shiga garke ana kiran kakanni, ɗan'uwana, su wa za ka kira?"