Cokalin da Ba a Wankewa

Hannunta ya riga ya kama hanyar famfo kafin ta tuna. Ta janye shi da sauri, ta cusa a aljihun farar rigar ɗakin gwaje-gwaje, ɗaliban da ke bayanta suka fara ƙunshe dariya.

Ɗauraye suke kiranta, kuma ita ta jawo wa kanta. Garin da ke cikin kwalbar gabanta, aluminiyam kuloraid marar ruwa, shi ke tayar da haɗin sinadaran da aka ba ta. Amma ba ya shiri da danshi ko kaɗan. Ɗigo ɗaya ya taɓa shi, sai ya tashi da farin hayaƙi mai yaji, ya mutu murus. Ita kuwa a duniya ba ta iya ɗiban abu da cokalin da ba ta ɗauraye ba. A jarrabawar farko ta wanke cokali. A ta biyu ta rantse ba za ta wanke ba, ta wanke. Yau in ta faɗi, sallama ce daga kwas ɗin gaba ɗaya.

Malamin da ke sa ido, wanda ɗalibai ke kira Ba-Sabo don bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, yana tsaye nesa, ya harɗe hannu. Yakan kalli kowa ido cikin ido in zai yi masa faɗa, ban da ita. Tun safe yake zufa, ga shi fanka na aiki.

"A fara," ya ce, yana kallon bango.

Ta gyara tabarau. Ta ciro cokalin daga tandar busar da kaya, da ɗuminsa, ta tafi da shi akwatin zuƙe hayaƙi tana kewaye famfon nan kamar mai kewaye karen maƙwabta. Ta buɗe kwalba, ta ɗiba, ta rufe ruf. Ko numfashi ta ƙi yi kusa da shi. Ta riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan cikin tulun gilashi tana juyawa.

Shiru. Ruwan ciki fari tas, ko gezau. Ta ji ƙwalla na tahowa, ta yi maza ta kau da kai don kada ita ma ta ɗiga a ciki.

Sai ga rawaya ta ɓullo daga ƙasa. Ta yi duhu, ta koma ja-ja, ƙananan kumfa na tasowa.

Ɗaki ya ɗauki sowa! Wani ya mai da tebur ganga, wata ta rungume mai shara da ta leƙo ganin lafiya. Ɗauraye ta manta da ciwon gwiwa, ta ɗaga cokali sama tana juyi, tana dariya har da hawaye. Daɗi ya kusa kashe ta.

Ba-Sabo ya matso, ya daɗe yana duban tulun, ya gyaɗa kai. Ya so ya tsare gida kamar kullum, fuskar ta ƙi. Kawai sai aka ga ya durƙusa a gabanta, da farar rigarsa da komai.

"Kin ci," ya ce. "Wallahi da kin sake wankewa, da hannuna zan kore ki, kuma ban san da wane ido zan shigo gida in gaishe ki ba, Umma, ke da kika haife ni."