Gangar Kwalta ta Bayan Gida

Baba, yau kwana arba'in da muka raka ka makwanci, sai ga misalin nan naka ya dawo mini, wanda kake ba mu bayan la'asar kana zaune kan tsohuwar gangar nan ta bayan gida.

Ka ce an yi wani ɗan ci-rani a kurmi, a inda ƙasa ke tsatso da baƙar kwalta gauraye da yashi, kowa ya ɗiba kyauta kamar ruwan rafi. Rannan ya ji a bakin direbobi cewa can arewa, a gaɓar babban kogi, masassaƙan jirgin ruwa na neman kwaltar liƙe jirage ido rufe, wai ganga ɗaya ta kai kuɗin bijimi. Nan take zuciyarsa ta riga shi isa kasuwa. Su kuwa mutanen kurmin ba sa ɗaukarta haka da yashinta. Sai sun dafa ta a ruwa kwana uku, yashi ya kwanta, sannan su yaɗe ta sama. Wata tsohuwa ta ce masa, "Ɗan nan, yashin ma sai ka biya masa kuɗin mota." Ya ce, "Iya, kasuwa ba ta jiran mai hura wuta." Ya aika gida aka sayar da gonarsa ta gado, ya sayi ganga ashirin ya cika.

Mai mota ya ji nauyin kayan, ya ninka kuɗi. Ga damina, ga laka. A wata gadar katako aka ce kaya sun yi yawa, aka sauke biyar. Inda titi ya ƙare sai amalanke, ga guzuri ya ƙare, ya riƙa biyan lada da ganga, yau ɗaya, gobe biyu. Ranar da ya hango kogi yana ƙyalli, saura huɗu, amma duk da haka sai da ya yi murmushi. Masassaƙi ya zura sanda, ya murza abin da ya fito a yatsa, ya dube shi ya ce, "Malam, sannu da hanya. Amma yashi kam, ga shi nan muna takawa."

A nan kake yin dariya, mu ma mu yi.

Jiya na je kawar da gangar don in share wurin, ta ƙi motsi. Na ɓamɓare murfin da ƙyar. Baƙar kwalta ce, Baba, ta daskare, yashi na ƙyalƙyali a ciki. Sai na tuna duk 'yan'uwanka na da gona, mu kaɗai muke awo a kasuwa, kuma ba ka taɓa barin mu kwana da yunwa ba.

Har yanzu ban gaya wa kowa ba, ko da Inna. Na mayar da murfin, na zauna inda kake zama, na rufe zancen yadda kake rufe shi: hangen Dala ba shiga birni ba ne.