Daga Gira Zuwa Ƙasa

Mai hoton nan da hannunsa ya goge uwarsa. Sau ɗaya tak ya taɓa ɗaukarta hoto, ranar da ta ɗaura sabon kallabi ta zauna a bakin ƙofa. Wata takwas tana cewa, "Auta, yaushe za ka wanke min?" yana cewa gobe. Da katin kyamarar ya cika, sai ya share komai, ya je ya ɗauki hotunan kujerun wani kafinta.

Kwana tara da rasuwarta, ga shi a shagon mai gyara, ya zuba wa kwamfuta ido.

"Da gogewa kawai ka yi, da na dawo maka da ita," in ji mai gyaran. "Amma ka ɗora wasu a kai. Kujeru dai, Malam, sun fito tsaf."

"Don Allah sake dubawa. Ko ɗaya ne."

Ya sake. Can sai hoto ɗaya ya fara buɗewa daga sama, a hankali: bango, ƙusar da take rataye carbi, kallabin, sai goshinta. Mai hoto ya matso har numfashinsa ya taɓa gilashin.

"Inna," ya ce.

Nan hoton ya tsaya. Daga gira zuwa ƙasa launin toka ne zalla.

Haka ya wanke shi, ya rataye a ɗakinsa. Kullum da safe yakan tsaya a gabansa ya ƙarasa fuskar da ka. Shekara uku ke nan. Bana ya manta idanunta.