Ranar da Ƙarfen Tafki Ya Yi Shiru

Tun da aka kafa ƙarfen nan a bakin tafki, mai ƙara idan gansakuka ta zuba dafi a ruwa, doka ta hana ɗiba sai ya yi shiru. Yau shiru yake, amma ruwan kore shar kamar miyar kuka. Lantana ta ajiye jarkarta ta leƙa bakinsa, sai ta tarar an cusa masa tsumma.

"Baba Iro, wa ya toshe shi?" ta tambayi mai gadi.

"Dattawa ne, 'yar nan. Ƙararsa na hana su jin wa'azi."

"To su shirya sallar gawa."

Ta fizge tsumman, ƙarfen ya tsala ihu. Amma tun da safe ƙanwarta ta kai ruwan gida, ta dama wa yara fura.