Ko Tsakuwa Ɗaya

Jami'in da ke tare kayan fasa-ƙwauri a shingen hanya ya farke buhun shinkafar Adama, ya cusa hannu ya daɗe yana lalube.

"Iya, wannan 'yar waje ce. Buhu kuka sauya mata don kada ku biya haraji."

"Ɗan nan, a Kura aka noma ta. Ni na turara ta, ni na tsince ta da hannuna."

"Shinkafar gida, a ce ko tsakuwa ɗaya babu? A sauke."

Tana ji tana gani aka kwashe mata wahalar rani guda, don kawai ta iya aikinta.

Da aka yi sabon girbi, ta sake biyowa ta shingen da kayanta. Jami'in nan dai ya cusa hannu, nan take ya zaro tsakuwa. Ya yi murmushi.

"Yauwa Iya, wannan ita ce tamu. Ku wuce."

Adama ta yi godiya, ta koma mota ba ta dube shi ba. Tsakuwar ma sai da ta wanke ta tas kafin ta zuba a buhun.